Aradu Ba Ya Ribas

Duk garin Norvale babu wanda bai taɓa leƙa garejin Arlo Sandvik ba, in ban da motar matarsa. Tun ranar da suka tare a gidan ya ce a ɗan ba shi lokaci ya kammala wani aiki, daga nan sai mota ta shiga. Aikin kwalekwalen kamun kifi ne, yana nan jingine har gobe, rabi fenti rabi tsatsa. Bayan kwalekwale aka yi injin share dusar ƙanƙara, wanda ya kwashi tsakuwa ya fasa tagar coci. Daga nan sai tukunyar kyafe kifi, wadda ta bar kifin ɗanye ta kyafe rufin garejin. Kowane aiki in ya mutu a nan ake barin gawarsa, kuma Arlo bai taɓa yarda cewa wani ya mutu ba. A wajensa duk suna jiran wani ƙaramin ƙarfe ne da bai iso ba.

Ita kuwa matar, Rhonda, a asibiti take aiki, da sassafe take fita. In hunturu ya kama, kullum ta Allah za ka gan ta a ƙofar gida da makankari a hannu tana ta fama da ƙanƙarar da ta daskare a gilashin mota, yayin da maigidan, wanda ya yi ritaya daga kamfanin takarda, ke can cikin bargo yana ƙera wani sabon inji a mafarki.

Wata safiyar Asabar suna karin kumallo, Arlo ya share baki ya ce, "Rhonda, bana ni zan ci gasar dambe."

Gasar da yake nufi ita ce ta mutum-mutumi, wadda 'yan kwana-kwana ke shiryawa a zaurensu lokacin bikin hunturu. Sunan ne kawai mutum-mutumi. Akwatunan ƙarfe ne masu taya, kowa ya ƙera nasa a gida, a zuba biyu a keji, masu su suna waje da rimot, a yi ta gwabzawa har ɗaya ya kasa tafiya a ƙirga masa goma. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: kada nauyi ya wuce laba talatin.

"A ina za ka ƙera shi?" in ji Rhonda.

"A gareji mana."

Ta ajiye kofin kofi, ta miƙa masa bayan hannayenta. Duk gaɓoɓin yatsun sun tsage, sun yi ja.

"Dubi nan, Arlo."

Ya duba da kyau, irin kallon da yake wa inji. "Ki riƙa shafa mai."

Rhonda ta janye hannayenta. Sannan ta ce, "To ji. Ka ƙera. Amma wannan ne na ƙarshe. Ban ce sai ka ci gasa ba. In abin naka ya kai ƙarshen faɗa ɗaya yana tafiya da tayoyinsa, gareji naka ne, ba zan ƙara magana ba. In ya kasa, ka kwashe tarkacenka, motata ta shiga."

Sharaɗi ne mai sauƙi, don tausayinsa ta ji. Amma Arlo ya ji kamar an mare shi.

"Yana tafiya? Haba Rhonda, wannan ai raini ne. Ni ba tafiya zan je yi ba. In bai ci faɗansa na farko ba, ki ɗauki garejin har da kwalekwalen!"

"Ba na son kwalekwalen."

"Ba ma za ki samu ba."

Kafin azahar ya raɗa wa abin suna Aradu, alhali ko ƙusa ɗaya bai buga ba. Ya kuma sanar da maƙwabcinsa Gus Pulaski, tsohon direban motar 'yan makaranta, wanda tun da ya bar aiki ba shi da wata sana'a sai jingina da shinge da kofi a hannu yana kallon abin da Arlo zai ɓata.

"Sirrin dambe biyu ne, Gus," in ji Arlo. "Taya da inji. Mutanen nan sai su sa 'yan tayoyi kamar na gadon asibiti, da ɗan inji kamar na askin gemu. Ni babbar taya zan sa, da injin da ya san abin da ake ciki."

"Allah ya taimaki Injiniya," in ji Gus. "Ka dai gaya min ranar gwaji, in shigar da karena ɗaki."

Arlo ya je wurin 'yan gwangwan ya ciro injin tada mota guda biyu daga wasu matattun manyan motoci. Tayoyi kuwa na baro ya sa, ɗaya daga baronsa, ɗaya daga baron da ya ara wajen Gus tun bazara. A gaba ya liƙa wani tsinin ƙarfe mai tsawon hannu. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, injin tada mota bai san sannu-sannu ba. Ko dai yana kwance, ko kuma ya haukace.

Ranar gwaji ya ɗage ƙofar gareji, ya gyara hula, ya ɗan taɓa rimot da babban yatsa. Aradu ya miƙe tsaye a kan tayoyinsa kamar doki ya ga maciji, ya faɗa ta baya, ya sake miƙewa, sannan ya fita da gudun da babu wanda ya tambaye shi. Ya bi ta kan garewanin sharar Gus, ya sare sandar akwatin wasiƙu, ya tsallake titi, ya nutse cikin tulin dusar ƙanƙara a ƙofar gidan Misis Halvorsen. Hayaƙi kaɗai ke fitowa daga ramin.

Gus ya kurɓi kofi. "Injiniya, kamar na san tayar can ta dama."

"Ka ga gudu?" in ji Arlo, idonsa na ƙyalli. "Kai ka ga gudu?"

"Na gani. Sharata ma ta gani."

Can sai ga Misis Halvorsen ta tsallako titi tana jan Aradu a kan katakon sulun jikokinta. Tsohuwa ce mai kaɗa molo a coci ran Lahadi, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

"Arlo, ɗana, ina jin wannan naka ne."

"Nawa ne, Misis Halvorsen. Gwaji muke yi. Gasar 'yan kwana-kwana zan shiga."

"Kai madalla! Ni ma na ba da sunana. Tun da Mista Halvorsen ya rasu yamma take yi min tsawo, shi ne na ɗan haɗa wani abu da tsohon tiren gashin biskit."

Arlo ya dube ta da tausayi na gaskiya. "Ki yi addu'a kada a haɗa mu, Misis Halvorsen. Ba zan so in sa ki kuka ba."

"Zan yi, ɗana," in ji ta. Ta juya da katakonta.

Sai batun nauyi. Aradu ya fi ƙarfin ɗan sikelin banɗaki, in an ɗora shi sai ya gangaro. Arlo ya yi dabarar da kowa ke yi: ya rungume shi ya hau sikelin, don ya cire nasa nauyin daga abin da ya fito. To amma nasa nauyin bai auna ba. Me zai auna? Yana rubuce a lasisin tuƙinsa, laba ɗari da casa'in, kuma hukuma ce ta rubuta. Ita hukumar kuwa daga bakinsa ta ji, tun zamanin da yake da gashi a ka.

Lissafi ya nuna Aradu ya haura ƙa'ida da laba goma sha shida.

"Sikelin nan lafiyarsa ƙalau?" ya ƙwala wa Rhonda tambaya daga banɗaki.

"Ka hau kai kaɗai mana mu gani."

"Ba ni za a sa a keji ba."

Haka ya dawo gareji ya fara rage kaya. Injinan manyan motoci suka tafi, yana ciro su kamar ana cire masa haƙori. Tayoyin baro suka tafi, Gus ya karɓi tasa ta saman shinge yana duba ta gaba da baya. Da lissafi ya ƙi sauka, sai Arlo ya kama huda jikin Aradu, rami nan rami can, har ya zama in ka ɗaga shi sama kana hango fitila ta cikinsa kamar rariya. A madadin injinan da ya cire, ya sayo injin huda katako guda biyu iri ɗaya a gwanjo, ya farke su ya zare cikinsu. Tayoyi ya kwanto daga injin yankan ciyawa, tunda dai ciyawa tana ƙarƙashin ƙanƙara sai nan da wata uku.

"Ina babbar taya da injin da ya san abin da ake ciki?" in ji Gus.

"Wancan na tsoratar da unguwa ne. Wannan shi ne na aiki."

Duk wanda ya taɓa wannan harka ya san halin injin huda. An yi shi ne don ɗaure ƙusa, saboda haka ya fi gudu ta hannun ɗaurewa a kan ta hannun kwancewa. In ka haɗa biyu baya da baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, dole ɗaya ya riƙa juyawa ta hannun da ba ya so kafin abin ya yi gaba. A jikin Aradu na hagu ne ya sami wannan rabo. Arlo ya tura rimot gaba, Aradu ya tashi lafiya lau, sai ya karkata hagu, ya yi ta karkata har ya dawo ya daki takalmin mai shi. Aka sake, ya sake dawowa. A karo na uku tayar hagu ta warware daga sandarta ta yi tafiyarta ƙarƙashin kwalekwale.

"Yana ƙaunarka," in ji Gus. "Ba ya son rabuwa da kai."

"Ƙasan garejin ne a karkace."

"Ana daidaita wannan a jikin rimot, Injiniya. Akwai ɗan maɓalli. Jikata ma…"

"Maɓalli na masu lalaci ne. Ciwon a ƙafa yake, a ƙafa za a yi magani."

Maganin Arlo kuwa sai wanda ya gani. Tunda hagu ce ke baya, sai a ba ta doguwar ƙafa. Ya cire ƙaramar tayar ya sa wata da ta fi ta girma daga tsohon keken tura jarirai, ya kuma yi mata walda a jikin sandar don kada ta ƙara guduwa. Ta dama bai taɓa ta ba. Ita ai ba ta taɓa warwarewa ba, me zai sa a dame ta?

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Aradu ya karkace kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar mai ɗauke da jakar wasiƙu, amma da aka tura shi sai ya miƙe sak daga ƙofar gareji har bakin titi. Arlo ya taka ya ɗauko shi, ya juyo da hancinsa, ya sake turawa. Sak. Ya yi haka har hasken rana ya fara ja, yana kiran duk wanda ya wuce ya zo ya shaida.

Gus ya daɗe yana kallo, kofinsa har ya huce. "Na ga kullum kai kake zuwa ka juyo shi da hannu. Ka gwada ribas kuwa?"

Arlo ya miƙe tsaye, ya sa hannu a ƙugu.

"Aradu ba ya ribas."

"Ko motar makaranta tana ribas, Arlo."

"Shi ya sa ba a sa ta a dambe. Wanda zai yi ribas shi ne wanda ya ga Aradu ya taho."

Da daddare ya maimaita wa Rhonda, da safe ya maimaita wa mai kawo wasiƙu, ran Lahadi ya maimaita wa fasto a bakin coci. Har da fenti ja ya rubuta a bayan Aradu, a ɗan wurin da ramuka suka rage.

Ranar gasa zauren 'yan kwana-kwana ya cika maƙil. An fitar da motocin kashe gobara waje, an kafa keji a tsakiya, bangonsa na gilashin roba mai kauri, gindinsa an kewaye da katako. Ta gefe ana soya fanke, ƙamshin man shanu da kofi ya cika wuri. Arlo ya shigo da Aradu a lulluɓe cikin bargo, Rhonda na biye da shi da jakarta, Gus kuwa tun da wuri ya kama kujerar gaba.

Shugaban 'yan kwana-kwana ne ke awo, shi ne kuma mai lasifika. Ya ɗora Aradu a sikeli, ya duba, ya ɗaga shi, ya sake ɗorawa.

"Laba goma sha biyar," ya faɗa, kuma ya manta lasifikar a kunne take.

"Talatin," in ji Arlo. "Ni na auna da kaina."

"Sha biyar, Arlo. Yaya ka auna?"

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma Arlo bai taɓa jin tambaya ya bar ta ta wuce ba. Ya yi bayani dalla-dalla, da sikelin banɗaki, da runguma, da lasisin tuƙi. Kowa a zauren ya shiga lissafi a zuci. Sai Gus ya ɗaga murya daga kujerarsa:

"To sauran sha biyar ɗin suna ina?"

Idanu suka sauka a hankali zuwa inda maɓallan rigar Arlo ke fama. Dariya ta fashe har mai suyar fanke ta saki cokali. Rhonda ta rufe baki da safar hannu, kafaɗunta na rawa.

"Da gangan ne!" in ji Arlo. "Rashin nauyi shi ne gudu. Ku jira ku gani."

Aka zaro sunaye daga cikin hular kwano. Addu'ar Misis Halvorsen ba ta karɓu ba, ko kuma ta Rhonda ce ta riga ta isa: faɗan farko, Aradu da Kwashe-Shara.

Kwashe-Shara tiren biskit ne kamar yadda aka faɗa, bakinsa a ƙasa yana shafar daɓe, da 'yan tayoyi huɗu ƙanana a ɓoye a ciki. Tafiyarsa kamar ta mai shi in za ta hau matakalar coci. An ma ɗaura masa ɗan ƙyalle mai furanni a baya.

"Misis Halvorsen," in ji Arlo da murya ƙasa-ƙasa, "in kina so ki janye, babu wanda zai ga laifinki."

"Na gode, ɗana. Tunda na riga na yi cajin batir, bari dai in ɗan zaga."

Aka rufe keji. Shugaba ya ƙirga uku, ya buga ƙararrawar gobara.

A faɗi gaskiya, abin da ya biyo baya shi ne lokaci mafi daɗi a rayuwar Arlo Sandvik. Aradu ya fita kamar an harbo shi, sak, tsininsa na walƙiya, ramukan jikinsa na yin fito. Zauren ya ɗauki ihu. Har Gus sai da ya miƙe tsaye. Arlo ya ji ƙirjinsa ya cika, ya ga garejinsa, ya ga kwalekwalensa a kan ruwa.

Misis Halvorsen kuwa tabaranta ne ya zamo. Garin gyara shi hannunta ya taɓa rimot, Kwashe-Shara ya ɗan matsa gefe kamar mai ba wa babba hanya. Aradu ya wuce ta gabansa fuu, ya je ya soke tsininsa a katakon bango har rabi.

Tayoyi na ta juyawa, Aradu na nan a kafe. Arlo ya ƙara danna gaba, tsinin ya shige ciki sosai.

"Ja da baya, Arlo!" wani ya ƙwala daga taro.

"Ribas, Injiniya!" in ji Gus. "Ba za mu gaya wa kowa ba!"

Shugaba ya fara ƙirga. "Ɗaya… biyu… uku…"

Arlo ya dubi jan fentin da ya rubuta da hannunsa, ga shi nan yana fuskantar jama'a duka. Ya waiga ya dubi Rhonda. Ba dariya take ba yanzu. Ta ɗaga masa gira, ta yi alama da yatsa baya, don ko gareji take so, ba ta son a ƙirga wa mijinta goma da hanci a bango. A bakwai ya ja sandar rimot baya.

A ribas komai ya juye. Injin hagu ya sami hannun da yake so, ga kuma doguwar ƙafa da aka ba shi, na dama kuma ya koma mai ja da baya. Aradu ya fizge daga katako ya kama juyi a wuri ɗaya kamar kare na bin wutsiyarsa. Arlo ya danna gaba, Aradu ya miƙe sak zuwa duk inda hancinsa ya tsaya, wato wani bangon. Ya sake sokewa. Ribas, juyi, gaba, bango. Ribas, juyi, gaba, bango. Yara suka fara ƙirga bangaye da ƙarfi, suna roƙon ya cika na huɗu.

"Dabara ce!" Arlo yana ihu, gumi na zuba daga hularsa. "Ruɗa ta nake yi!"

"Ta ruɗe ƙwarai," in ji Gus. "Dubi, har ta zauna."

Da gaske ne, wani ya kawo wa Misis Halvorsen kujera.

A ribas na huɗu, tayar dama, wadda ba a taɓa damunta ba, ta tuna cewa ɗaure ta kawai aka yi a kan sanda, kuma hannun kwancewa ake ta juya ta. Ta warware a hankali, ta sauka, ta gangara ita kaɗai ta ratsa tsakiyar keji. Duk zauren aka bi ta da ido. Ta je ta taɓa bakin Kwashe-Shara, ƙwas, ta yi 'yar rawa, ta kwanta.

"Ya buge shi!" Arlo ya daka tsalle. "Kun gani! A rubuta! Ya buge shi!"

"An rubuta," in ji shugaba ta lasifika, yana share hawaye. "Ɗaya… biyu…"

Aradu na kwance a kafaɗa, doguwar ƙafarsa na shure-shure, yana zagaye wuri ɗaya. Misis Halvorsen ta taho da tirenta sannu-sannu, ta zura bakinsa ƙarƙashin Aradu, wanda bai fi nauyin kyanwa mai ƙiba ba, ta kwashe shi ta kai lungu ta ajiye a hankali. Sannan ta koma ta kwaso tayar ta ajiye masa a gefe, don ita ba ta son a bar kaya a watse.

"Goma!"

Da aka buɗe keji ta riƙe hannun Arlo da hannu biyu. "Ya yi gudu sosai, ɗana. Ban taɓa ganin abu ya je wurare da yawa haka ba."

A mota, sai da suka shigo layinsu Arlo ya ce katakon kejin ne ya yi laushi. Rhonda ta ce haka ne.

Tarkacen shekara da shekaru ba ya kwasuwa a yini ɗaya. Ran Lahadi Arlo ya yi ta jida har duhu, amma ko rabi bai kai ba, mota ta sake kwana a waje. Da asubar Litinin, don kada a ce bai cika alkawari ba, ya riga Rhonda tashi, ya ɗauki makankarinta ya fita. Shi a ganinsa aikin minti ɗaya ne, har yana tunanin injin da zai ƙera na yin sa.

Ƙanƙarar ta kama gilashi kamar an yi mata walda. Ya kankara, ya kankara, ɗan wurin da ya buɗe bai fi tafin hannu ba. Iska ta shiga ta wuyan rigarsa. Yatsunsa suka fara zafi, suka koma ciwo, daga nan ya daina jin su gaba ɗaya. Ya dubi makankarin, sai ya ga robar hannunsa ta lotse daidai wurin yatsun Rhonda. Ya tsaya yana kallonsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ko kaɗan ba a zauren 'yan kwana-kwana, kuma a nan babu katako mai laushi da zai ɗora wa laifi.

Gus ya fito da kofinsa ya jingina da shinge. Ya buɗe baki, ya ga fuskar Arlo, ya mayar ya rufe.

"Gus," in ji Arlo ba tare da ya juyo ba, "kana son kwalekwale?"

"Ko kyauta ba na so."

"To zo ka kama min mu fitar da shi."

Kafin Rhonda ta dawo da yamma gareji ya zama fili, an share, har wurin da rufin ya ƙone an rufe da katako. Ta tsaya a bakin titi, ta sauke gilashi tana kallo kamar ba gidanta ba. Arlo na tsaye a ƙofa, yatsunsa duk filasta, ya ɗaga hannu biyu kamar mai saukar da jirgi.

"Da baya za ki shigo, don ki fita da sauƙi da safe. Juyo. Yauwa. Ribas. Ribas. Ɗan dama. Ribas!"

"Injiniya ya koyi sabuwar kalma!" in ji Gus daga shinge.

Motar ta shiga tsaf. Rhonda ta kashe ta, ta zauna ciki na ɗan lokaci, hannayenta a kan sitiyari. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce sanyi ne. Ta kama yatsun Arlo ta duba filastar.

"Ka riƙa shafa mai," in ji ta.

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta danna ɗan rimot, ƙofar gareji ta fara sauka da kanta. Arlo ya ɗaga kai ya bi sarƙar da ido har zuwa injin da ke maƙale a rufi, yana jan ƙofa mai nauyin mutum ba ko nishi. Idonsa ya fara ƙyalli.

"Rhonda, kin san injin nan gaba da baya duk gudu ɗaya yake yi?"

Rhonda ta jefa rimot ɗin cikin jakarta, ta ja zif, ta kashe fitilar garejinta.